Yadda muka samu izinin jigilar bindigar lantarki ta 'yan sanda a Ingila

A kamfaninmu, aikina na takarda ne. Muna da sito da motocin kaya a tsakiyar Ingila, kuma sana'armu ita ce jigilar kayan da doka ta sa wa ido, irin waɗanda ba a miƙa wa kowane direba. Ni ke tabbatar da cewa babu motar da ta bar harabarmu sai da takardun da suka dace. Don haka ranar da mai kamfanin ya yanke shawarar mu nemi shiga jigilar bindigar lantarki, wadda aka fi sani da Taser, zuwa ma'ajiyar makaman 'yan sanda, a kan teburina fayil ɗin ya sauka.

A Ingila yawancin 'yan sanda ba sa yawo da bindiga mai harsashi, wannan aikin runduna ce ta musamman. Taser kuwa za ka gan ta, rawaya shar, maƙale a ƙirji ko a ƙugun ɗan sintiri, har ido ya saba da ita. Amma a Dokar Bindigogi ta 1968 tana ƙarƙashin Sashe na 5, sashen haramtattun makamai, inda bindiga mai sarrafa kanta take. Tun 1988 kotu mafi girma ta wancan zamanin ta yanke hukuncin cewa na'urar da ke sakar wa mutum wutar lantarki ta faɗa cikin wannan sashe. Farar hular da aka kama da ita na iya shan ɗaurin da ya kai shekara 10. Doka ta keɓe 'yan sanda saboda aikinsu, amma ba ta keɓe kamfanin da ke hulɗa da su ba. Mai shigo da ita, mai sayarwa, mai gyara, har wanda zai ɗora ta a mota ya kai wani gari, kowa sai ya riƙe izini a rubuce da sunan Sakataren Cikin Gida, wato ministan harkokin cikin gida na Birtaniya. A Sikotland ministocin yankin ne ke bayarwa. Mu izinin masu jigila muka nema.

Kafin in taɓa fom ɗin sai da na zauna na san abin da za mu ɗauka. Kamfanin Axon na jihar Arizona a Amurka ke ƙera ta. In an danna kunama, ƙananan kibiyoyi biyu masu ƙaya suna fita, kowace tana jan siririyar waya a bayanta. Da zarar sun kama fata ko tufafi, wuta ta bi wayoyin ta sandarar da tsokar jiki, mutum ya zube ba tare da ya iya tare ƙasa da hannu ba. Danna ɗaya daƙiƙa 5 ne, sai in mai harbin ya ci gaba da riƙe kunamar. Kuma na'urar tana ajiye bayani a cikinta: wace rana aka kunna ta, ƙarfe nawa, daƙiƙa nawa wuta ta yi tana gudana. Ba kowane samfuri ne 'yan sanda ke da ikon riƙewa ba. Sai an gwada shi ta fannin fasaha, kwamitin likitoci mai zaman kansa ya faɗi illar da zai iya yi wa jiki, sannan Ma'aikatar Cikin Gida ta sa hannu. A 2003 aka fara gwajin Taser a rundunoni biyar, a hannun 'yan sanda masu riƙe bindiga kaɗai. A 2008 aka buɗe wa wasu da aka horar na musamman. Samfurin X2 ya samu amincewa a 2017, Taser 7 kuma a 2020.

Ta intanet ake shigar da buƙata, kuma cika fom ɗin ba shi da wuya. Wahalar tana wajen amsa tambaya guda: me ya sa kuke buƙatar wannan izini? Ba a karɓar amsar cewa muna so mu faɗaɗa kasuwanci, ko muna fatan samun kwangila nan gaba. Sai ka nuna cewa akwai aiki na gaske da ke jiranka, da wasiƙa daga wanda zai ba ka aikin, mai ɗauke da irin kayan, yawansu, daga ina zuwa ina. Shi kuma mai ba da aikin ba ya son ya ɗaure kansa da kamfanin da bai riga ya samu izini ba. A nan muka fi daɗewa. Mai kamfaninmu ya yi ta zirga-zirga har aka samu wasiƙar da ke cewa za a ba mu aiki idan izini ya fito. Na haɗa ta da takardun rajistar kamfani, taswirar sito, bayanin motoci, da tsarin aikinmu a rubuce, wanda ni na tsara shi shafi bayan shafi. Tun 2019 ake biyan kuɗin wannan izini, ɗaruruwan fam, amma kuɗin ba komai ba ne in an kwatanta da abin da gyaran gini ya ci daga baya.

Sai maganar mutane. Duk wanda hannunsa zai taɓa kayan, ko zai riƙe makulli, ko zai san ranar da mota za ta fita, sai an miƙa sunansa 'yan sanda su bincika shi. Har da ni, duk da cewa alƙalami da kwamfuta ne kayan aikina. Na ba da adireshin duk inda na zauna, na kuma haɗa da takardar shaidar hali da na karɓo daga gida Najeriya, domin kada a samu giɓi a tarihina.

Akwai wani direbanmu, dattijo, wanda duk kamfanin babu mai riƙon amana kamarsa. Ya same ni a ofis bayan kowa ya tashi, ya rufe ƙofa, ya ce yana saurayi ya taɓa yin faɗa a mashaya har kotu ta hukunta shi. Ya ce in cire sunansa, ba ya son laifin da ya yi shekara da shekaru ya ja wa kowa cikas. Na ce masa ba ni da ikon cewa za a ƙi shi, mai yiwuwa ma a duba a ga abu ne da ya wuce. Ya girgiza kai, ya ce ya fi son ya ci gaba da ɗaukar kayan da ya saba. Na cire sunan kamar yadda ya nema. Abin ya tsaya mini a rai, domin na san shi, na san in amana ake nema ba za a samu wanda ya fi shi ba. Amma jami'in da zai duba takardar bai san shi ba, kuma ba a gina irin wannan tsari a kan sanayya.

Ma'aikatar ba ta zuwa duba gini da kanta, rundunar 'yan sandan yankin take turawa. Wanda ya zo mana mutum ne mai furfura, marar yawan magana, da ƙaramin littafi a hannu. Bai fara da ofis ba. Ya zagaya bayan sito, ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa yana saurare. Da ya iso ɗakin da muka ware, mai ƙofar ƙarfe da muke alfahari da ita, bai ko kalli kwaɗon ba. Ya durƙusa ya shafa maƙalan ƙofar, ya ce suna waje, mai guduma da ƙusa zai iya zare su ya ɗaga ƙofar gaba ɗaya ba tare da ya taɓa makulli ba. Ya tambayi inda ƙararrawa ke kai saƙo in ta yi kuka da tsakar dare, da wanda zai amsa, da abin da zai faru in an yanke wayar. Ya tambayi inda makulli ke kwana. Ya nemi a nuna masa hoton kyamarar tsaro na daren jiya, ya ga fitilar waje tana dushe fuskar mai shigowa, ya rubuta.

Daga nan ya koma kan motoci, ya sa aka kira direbobi biyu, ya tsayar da su a gaban mota. Ya ce: kuna kan babbar hanya, taya ta fashe, wa zai sauka? Ɗaya ya ce shi zai sauka, ɗan'uwansa ya zauna a ciki ya kulle ƙofa ya kira ofis. Ya ce to in ɗayanku ya matsu da fitsari fa? In wani mai kayan 'yan sanda ya ɗaga muku hannu a hanyar da babu kowa, ta yaya za ku tabbatar ɗan sanda ne kafin ku buɗe? In kun isa inda za ku kai kaya kuka tarar wanda aka rubuta zai karɓa ba ya nan, wani ya ce ku ba shi? Ga wannan ta ƙarshe direban ya ce sai su dawo da kayan. Sai a lokacin na ga jami'in ya gyaɗa kai. Jigilar irin wannan kaya kamar kai amarya ce, ba a sauke ta a hanya, kuma ba a damƙa ta ga maƙwabci don an tarar ango ya fita.

Muna shan shayi bayan an gama zagaye ya tambaye ni ko na san labarin Pro-Tect. Na sani, domin babu wanda zai shiga wannan harka bai ci karo da shi ba. A watan Yuli na 2010 wani mutum mai suna Raoul Moat ya harbi tsohuwar budurwarsa, ya kashe saurayinta, ya harbi ɗan sanda a fuska ya makantar da shi. Mako guda ana farautarsa a arewa maso gabashin Ingila, har aka ritsa shi a bakin kogi a garin Rothbury, da bindiga a hannunsa. A wancan lokacin kamfanin Pro-Tect Systems na garin Daventry shi kaɗai ke samar wa 'yan sandan Birtaniya Taser. Yana da wani sabon samfuri, X12, mai siffar doguwar bindiga, da ke harba harsashin lantarki daga nesa. Izinin kamfanin ya ba shi damar kai wannan samfuri ga sashen kimiyya na Ma'aikatar Cikin Gida don gwaji, iyakarsa ke nan. Amma ana tsakiyar farautar aka kai shi kai tsaye hannun 'yan sanda, kuma an harba shi a daren da Moat ya mutu, 10 ga Yuli. Binciken musabbabin mutuwa da aka yi a 2011 ya tabbatar da cewa Moat shi ya harbe kansa. Kamfanin kuwa tun a watan Satumba na 2010 Sakatariyar Cikin Gida ta lokacin, Theresa May, ta janye izininsa, saboda ya kai makamin da ba a amince da shi ba, ya kuma saɓa ƙa'idar jigila.

Na daɗe ina juya wannan labari a raina. Ba ɓarayi aka kai wa makamin ba, 'yan sanda aka kai wa, a ranar da suke neman hanyar kama mutum da ransa. Wanda ya ɗora shi a mota na iya rantsuwa cewa taimako ya je yi. Duk da haka ina ganin janye izinin daidai ne. Makamin da likitoci ba su gama faɗin abin da yake yi wa jiki ba, wanda masu harba shi ba su saba da shi ba, bai kamata ya fara aiki a kan ɗan Adam don kawai an shiga matsi ba. Lokacin matsi ne ma aka fi buƙatar wanda zai ce a'a, domin a ranar kowa yana da hujja mai kyau ta tsallake layi. In ɗan kasuwa da kwamandan 'yan sanda za su iya shirya tsakaninsu abin da za a harba wa mutane, to gwaji da kwamitin likitoci da sa hannun minista duk sun zama ado.

Mun sauya maƙalan ƙofa, mun ƙara kejin ƙarfe a cikin ɗakin aka ɗaure shi da ƙasa, mun matsar da fitila, mun sa wa ƙararrawa hanya ta biyu ta aika saƙo. Jami'in ya dawo ya duba, ya aika rahotonsa. Sai jira, watanni. Lokaci zuwa lokaci tambaya ta zo ta imel: wannan adadi da kuka rubuta, a mota ɗaya ne ko a sito gaba ɗaya? Kayan za su taɓa kwana a wurinku, ko a ranar za ku kai? Kowace tambaya na amsa ta da takarda a haɗe.

Da izinin ya fito na karanta shi a tsaye, na zauna na sake karantawa. Shafuka kaɗan ne, kuma kusan duk iyakoki ne. Ya faɗi irin makamin, ya faɗi mafi yawan abin da za mu iya riƙewa a lokaci guda, ya faɗi adireshin sito, ya faɗi ranar da zai ƙare, domin irin wannan izini ba ya wuce shekara 3. Ya ce duk abin da ya ɓata ko aka sace a sanar da 'yan sanda nan take, ya ce ana iya zuwa bincike, ana kuma iya janye shi a kowane lokaci. Duk abin da ba a rubuta a ciki ba, haramun ne a kanmu kamar yadda yake a kan mai tafiya a titi.

Ranar jigilar farko na bi su zuwa wurin ɗauka don in ga takardun da idona. Akwatuna ne baƙaƙe, ba su da nauyi. Aka buɗe kowanne a kan tebur, mutum ɗaya yana karanto lambar da ke jikin kowace bindiga, ni ina bi da yatsa a kan jerin da ke hannuna, na uku yana kallonmu. Kwanson kibiyoyin ma kowanne da lambarsa. An zo kan wata lamba mai karantawa ya ce takwas, takardata ta nuna uku. Kowa ya tsaya. Aka kawo fitila aka haska, ashe haske ne ya ruɗe shi, uku ce. Babu wanda ya yi dariya, aka koma farkon layin aka sake. Aka rufe akwatuna, aka ɗaura musu hatimi mai lamba, aka rubuta lambar hatimin. Dillalan bindiga masu rajista doka ta ba su awa 24 su shigar da kowace hulɗa a littafi, mu ma wannan ma'auni muka ɗaukar wa kanmu. A can ma'ajiyar 'yan sanda aka maimaita ƙirgar daga farko kafin mai karɓa ya sa hannu.

Mai ganin wannan ƙirga zai iya cewa ɓata lokaci ne. Ni Dalian Atkinson nake tunawa, tsohon ɗan wasan gaba na Aston Villa, wanda masu bin ƙwallon Ingila tun shekarun 1990 suka sani. A watan Agusta na 2016, yana da shekara 48, ba ya cikin hayyacinsa a ƙofar gidan mahaifinsa a Telford, ɗan sanda ya harbe shi da Taser ya riƙe kunama daƙiƙa 33, sannan ya haure shi a kai. Ya rasu a wannan dare. A 2021 kotu ta samu ɗan sandan da laifin kisa ba da niyya ba, ta ɗaure shi shekara 8. Wannan adadi na 33 ba daga bakin shaida ya fito ba, daga cikin na'urar aka ciro shi. Kuma bayanin na'ura ba ya amfani sai an san wace na'ura ce, a hannun wa take, daga ina ta fito. Lambar da nake bi da yatsa a kan tebur, ita ce farkon wannan igiya.

Amma ba zan ɓoye abin da ke damuna ba. Ƙa'idar da aka gindaya mana, mu masu kai makamin, ta fi wadda ke bin sa bayan ya fita titi tsauri. A watan Agusta na 2021 hukumar IOPC, mai binciken ƙorafi a kan 'yan sanda, ta fitar da rahoto kan bincike 101 da suka shafi Taser tsakanin 2015 da 2020. Ta nuna damuwa kan yadda ake tsawaita wuta ko a maimaita ta, da harbin masu taɓin hankali da yara, da kuma yadda abin ya fi faɗawa kan baƙaƙen fata. Ni baƙar fata ne, ina da 'ya'ya maza da ke tasowa a wannan ƙasa. Ina sa hannu a takardar fitar mota ina sane da cewa iyakar ikona shi ne akwati ya isa cif, da hatiminsa. Abin da ya sa ban bar aikin ba shi ne na fi son ɗan sanda ya zaro wannan da ya zaro mai harsashi, kuma na fi son kowace ɗaya ta kasance da lambar da za a iya bi.

Akwai wani dattijo ɗan Katsina da muke sallar Juma'a tare. Da ya ji irin aikin da nake, ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, akwai wata tocilan da yarona ya saya a gida, mai shokin a baki. Yana so ya taho da ita saboda aikin dare yake yi." Na ce, "Baba, don Allah ku kira shi yau, kada ya sa ta a jaka. A nan makami ce haramtacciya. In kuma aka gurfanar da shi a kan cewa makami ne da aka ɓadda kamarsa ya zama tocilan, hukuncin na farawa ne daga shekara 5." Ya riƙe baki, ya ce shi ya ɗauka kayan wasa ce. Mutanenmu da dama haka suka ɗauka, kuma jami'in filin jirgi ba ya karɓar uzurin rashin sani.

A gida ma maganar ta taɓa tasowa. A 2019 Sufeto Janar na lokacin, Mohammed Adamu, ya ce za a ba 'yan sintiri bindigar lantarki don rage harbe mutane da harsashi. Shigo da kayan tsaro Najeriya na buƙatar takardar shaida daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma dokar hana azabtarwa ta 2017 ta lissafa jona wa mutum wuta cikin nau'o'in azaba. Abin da zan so a tambayi duk kamfanin da zai kawo ta shi ne wane samfuri, wa ya gwada shi, yana ajiye bayanin harbi ko ba ya ajiyewa, wa ke riƙe da jerin lambobin. Na'ura mai sakin wuta da ba ta ajiye bayani, in ta shiga ɗakin tsare mutane, ba ta barin tabon da lauya zai nuna wa alƙali.

Ba mu daɗe da fara aiki ba aka kira mu wata Juma'a da yamma. Ana buƙatar a kwashe kaya cikin gaggawa kafin Litinin, kuɗin kuma mai tsoka ne. Na duba adadin, ya haura abin da izininmu ya yarda mu riƙe a lokaci guda. Ko da za a raba shi gida biyu, sai mun sa direbobin da ba a gama bincikensu ba. Na kai wa mai kamfanin takardar na nuna masa layin. Ya tambaye ni ko akwai wata hanya, na ce babu, sai dai mu nemi a gyara izinin, kuma ba za a yi shi a ƙarshen mako ba. Ya ɗauki waya ya ba su haƙuri. Ranar Litinin na shigar da buƙatar ƙarin adadi da sunayen sababbin direbobi biyu, da wasiƙar da ke nuna dalili. Jami'in nan mai furfura ya sake zuwa ya auna ko kejin zai ɗauki ƙarin. Kafin gyaran ya fito wani kamfani ya riga ya yi wancan aikin, mu kuma muka ci gaba da namu a kan sabon adadin.